Arzikin da Ke Kwance a Juji: Nazari kan Samar da Makamashi da Albarkatu daga Ɓuntu, Lakar Masai da Matattun Na'urori

Tsakure

Maƙalar ta duba abubuwa uku da ake yi wa kallon shara: ragowar amfanin gona, lakar masai da dagwalon masana'antu, da matattun na'urorin lantarki. Manufarta ita ce gano wanne daga cikinsu za a iya mayarwa wuta ko taki ko ƙarfe ba tare da an cuci kowa ba. An kwatanta abin da aka gwada a Indiya, Jamus, Japan, Senegal da Ghana da halin da ake ciki a Kano da kewayenta. Nazarin ya nuna cewa yawan ƙarfin da shara ta ƙunsa bai isa ya zama hujjar kafa inji ba, sai an san inda take taruwa, da wanda ke cin moriyarta tun kafin injiniya ya iso, da irin gubar da ke tafe da ita.

Gabatarwa

Tun kafin siminti ya shigo ƙasar Hausa, maginan Kano suna da abin da suke shafe soro da shi har ruwan sama ya kasa ratsawa. Sunansa laso. Ana haɗa shi da katsi, wato lakar da ke kwantawa a gindin rijiyar marina bayan baba ya gama aikinsa, a kwaso ta a busar a ƙone. Sai gashin jima, wanda majema ke kankarewa daga fatar akuya, sai kuma dafara mai yauƙi da ke riƙe su wuri guda. Biyu daga cikin ukun nan sharar wata sana'a ce. Marini da majemi sun rabu da abin da ya tsaya musu, magini ya samu kayan aiki.

Gonakin da ke kewaye da birnin ma da shara suka rayu. Masanin ilimin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin karkarar Kano a shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke shiga birni da itace su fito da mangala cike da toka da kashin awaki da sharar tsakar gida. Da wannan takin ake nome gona ɗaya kowace damina ba tare da hutu ba, a ɗaya daga cikin yankunan karkara mafi cunkoso a Afirka ta Yamma.

Ke nan cin moriyar shara ba baƙon tunani ba ne a nan. Abin da ya sauya shi ne ita kanta sharar. Manomin da ya sayi tifar shara a yau sai ya tsince leda da kwalba da batir kafin ya watsa ta a gona, kuma akwai abin da ido ba ya gani balle hannu ya tsince.

Hanyar nazari

An dogara da alƙaluman da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka wallafa, da dokokin ƙasashen da aka ambata, da ma'aunan da masana makamashi suka daidaita a kai, sannan aka yi lissafi a kansu. Ma'aunin zafi shi ne megajul. Litar gas ta janareta tana da kusan megajul 36, kilo ɗaya na busasshen itace kuma kusan 15 zuwa 16. Yunit ɗaya na wutar mita daidai yake da megajul 3.6.

Kara yana da mai shi

Kuskuren da aka fi yi a lissafin makamashin ragowar gona shi ne a ɗauki yawan dawa da gero da masarar da ƙasa ke nomawa, a ninka da nauyin kara, a ce ga tulin wutar da ake asara. Lissafin yana da ma'ana a jihar Punjab ta Indiya, inda ake samun kusan tan miliyan 20 na bambaron shinkafa a shekara. Makonni kaɗan ne tsakanin girbin shinkafa da shukar alkama, dabbobinsu kuma ba sa son bambaron, don haka manoma ke cinna masa wuta a watannin Oktoba da Nuwamba, hayaƙin ya turnuke har birnin Delhi. A can, duk wanda ya zo ya kwashe bambaro ya yi taimako.

A ƙasar Hausa lamarin ya bambanta. Karan dawa shi ne danga, shi ne jinka da gadon kara, shi ne makamashin girki, tokarsa kuma ana tace ta a yi ruwan toka. Harawar wake da ta gyaɗa kuwa ana ɗaure ta dami-dami a ɗora a kan soro ko a reshen bishiya, kuma idan babbar salla ta matso masu kiwon raguna kan saye ta da tsada. Abin da ya rage a gona shanun Fulani ne ke kalarsa, su bar kashi a madadinsa. Gwaje-gwajen da aka yi a tashar binciken ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, sun nuna cewa barin karan gero a kan ƙasa mai rairayi yana ƙara amfanin da ake samu, domin yana tare ƙurar da iska ke ɗaukowa, yana rage zafin ƙasa, yana kuma mayar mata da sinadaran da shuka ta zuƙe. Duk injin da zai ci kara a wannan yanki, daga bakin dabba ko daga jikin gona zai ƙwace shi. Ra'ayin wannan maƙala shi ne a bar kara inda yake.

Ɓuntu

Shinkafa ce ta zo da ragowar da ta fi ƙarfin masu amfani da ita. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 aka buɗe noman rani a Kura da Bunkure da Garun Malam, sannan manyan injinan casa suka yawaita a Kano da Birnin Kebbi da Argungu, ɓuntu ya zama tsauni a bayan kowane inji. Dabba ba ta cinsa saboda kaushi, ba ya saurin ruɓewa a gona, kuma ba shi da nauyi: kubik mita ɗaya ba ta wuce kilo 100 zuwa 120 ba, don haka mota takan cika tun ba ta ji kaya ba. Masu kiwon kaji suna ɗiba su shimfiɗa, mata masu turara shinkafa suna hura wuta da shi. Sauran sai a tara a cinna masa wuta. Tulin ɓuntu ba ya ci bal-bal. Yakan yi kwanaki yana cin ciki, samansa baƙi, ƙarƙashinsa jan garwashi, hayaƙi mai yaji yana bin gidajen maƙwabta.

Ga lissafinsa. Kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shinkafar da ba a casa ba ɓuntu ne, wato tan ɗaya yana ba da kilo 200. Kowane kilo yana ɗauke da kusan megajul 14, jimla 2,800, wanda ya yi daidai da zafin litar gas kusan 78. Idan wutar lantarki ake so, ana zuba ɓuntun a tanderun da aka taƙaita wa iska, ya turara maimakon ya ƙone ƙurmus, ya fitar da iskar da injin janareta ke iya sha. A wannan hanya kusan kilo biyu ne ke ba da yunit ɗaya. Kilo 200 ke nan zai ba da yunit 100, abin da janareta zai sha litar gas kusan 30 kafin ya samar. Injin da ke casa tan 100 a rana yana zubar da tan 20 na ɓuntu, wanda ya isa ya riƙe kilowat 400 dare da rana, fiye da abin da casar kanta ke ci.

An gwada wannan a aikace. A 2007 wasu matasan injiniyoyi suka kunna irin wannan tanderu a ƙauyen Tamkuha na jihar Bihar a Indiya, daga nan kamfanin Husk Power Systems ya samo asali, ya kai wuta ƙauyuka masu yawa da ɓuntu kaɗai. Abin lura shi ne daga baya kamfanin ya karkata ga hasken rana, kuma da ya shigo Najeriya ya fara aiki a jihar Nasarawa a 2021, da farantan sola ya zo. Faɗuwar farashin sola tana cikin dalilan, amma tanderun ma yana da nasa laifin. Iskar da yake fitarwa tana tafe da kwalta mai danƙo da ke toshe inji, sai an wanke ta da ruwa, ruwan wankin kuma ya zama dagwalo mai guba da ke neman wurin zubarwa. Yana buƙatar ma'aikacin da ya ƙware, mai share matata kullum. Sannan da zarar masu casa suka ga ana neman abin da suke zubarwa, sai su sa masa kuɗi, wanda haƙƙinsu ne.

Saboda haka wurin da ɓuntu ya fi riba shi ne inda aka same shi. Babban injin casa yana buƙatar tururi don turara shinkafa da busar da ita, kuma tukunyar tururi tana cin ɓuntu kai tsaye ba tare da matsalar kwalta ba. Idan tururin ya fara juya injin wuta kafin ya wuce wurin turarawa, an ci riba biyu da makamashi ɗaya. Ga ƙananan masu casa kuwa, matse ɓuntu da inji ya zama curi mai kama da itace ya fi sauƙi, kuma masu gidajen burodi da ke cinye itacen dazuzzuka kasuwa ce a shirye.

Tokar ma kaya ce. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na ɓuntu toka yake zama, kuma wajen kashi 90 cikin ɗari na tokar sinadarin silika ne. Idan an ƙone ta da matsakaicin zafi tana maye gurbin wani kaso na siminti a kankare. Idan zafin ya yi yawa sai silikar ta daskare, ta rasa wannan amfani, ƙurarta kuma ta zama haɗari ga huhun ma'aikata.

Lakar masai da dagwalon majema

A ƙasashen da ke da bututun najasa, komai yana gangarawa wuri ɗaya a tace, laka ta kwanta. Ana zuba ta a rufaffen tanki, ƙwayoyin halitta su ruɓar da ita ba tare da iska ba, a samu iskar gas wadda kashi 50 zuwa 70 cikin ɗarinta misen ne, mai kamawa da wuta. Jamus ta wuce nan. Dokar da ta kafa a 2017 ta wajabta wa manyan matatun najasa su riƙa ciro sinadarin fosfaras daga laka ko tokarta daga shekarar 2029. Dalilin a fili yake: babu abin da ke maye gurbin fosfaras a takin zamani, kuma wajen kashi 70 cikin ɗari na ma'adininsa da aka sani a duniya yana hannun Maroko. A garin Suwa na Japan kuwa, a 2009 aka ba da rahoton samun kusan kilo biyu na zinari a kowane tan na tokar lakar najasa, saboda masana'antun yankin da ke shafa zinari a jikin kayan na'ura.

Yawancin biranen Arewa ba su da wannan tsari. Najasa tana cikin dubban masai da sokawe a gida-gida, masu yasa ne ke kwashe ta, wasu da motar zuƙa, wasu da bokiti da shebur cikin dare. Wannan ya sauya lissafin gaba ɗaya. Lakar da ta shekara biyu ko uku a rami ta riga ta ruɓe, gas ɗinta ya tafi, don haka wanda ya gina tankin gas dominta zai sha mamaki. Tankin gas ya fi dacewa da ɗanyen abu mai zuwa kullum, kamar kashin shanu da abin cikin tumbi a mayanka, ko makewayin makarantar kwana da na kasuwa.

Amfanin tsohuwar laka yana wajen taki. Mutum ɗaya yana fitar da kusan kilo 4 na naitirojin da rabin kilo na fosfaras a shekara. A garin da ke da mutum miliyan ɗaya, naitirojin ɗin ya kai na buhun yuriya fiye da 170,000. Ba duka za a kama ba, domin mafi yawansa a fitsari yake, yana tsiyayewa ƙasa ya gangara rijiyoyin unguwa. Abin da ya saura a lakar dai ya isa a yi wahala dominsa, kuma manoman bayan gari sun daɗe da sanin haka, shi ya sa wasu ke karɓar ta a gonakinsu da rani. Haɗarin shi ne ƙwan tsutsar ciki, wanda ke iya yin shekaru a ƙasa da ransa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2006 ita ce kada ya wuce ƙwai ɗaya a kowane giram na busasshiyar laka. Ana kai wa ga haka idan an shanya ta, aka cakuɗa da sharar kasuwa ko ɓuntu, aka tara ta yi zafin da ya haura digiri 50 ana juyawa har tsawon makonni. A Ghana an buɗe masana'antar irin wannan taki a yankin Tema a 2017 bisa binciken Cibiyar Kula da Ruwa ta Duniya, a Dakar kuma tun 2015 aka girka injin gwaji mai ƙona busasshiyar laka ya ba da wuta da ruwa. Zafin rana da iskar hunturu sun ba Arewa fifiko a wajen shanya, wanda mataki ne mai tsada a Turai.

Akwai kuma batun tsarki, wanda injiniya ba zai warware shi kaɗai ba. A mazhabar Malikiyya kashin dabbar da ake cin namanta mai tsarki ne, don haka gas ɗin mayanka ba shi da wata matsala. Najasar ɗan Adam kuwa malamai sun yi magana mai tsawo a kan sayar da ita da kuma hukuncinta bayan ta rikiɗe ta zama wani abu. Duk shirin da bai zauna da malaman gari tun farko ba zai iya samar da takin da babu mai saye.

Dagwalon majema wani abu ne daban, kuma bai kamata ya kusanci gona ba. Masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa da Bompai suna jima da gishirin kuromiyam, wanda wani kasonsa ke fita da ruwa ya bi rafukan da ake ban ruwan lambu da su. Ƙona wannan laka a fili ya fi zubar da ita muni, domin wuta na iya mayar da kuromiyam ɗin nau'in da ke jawo ciwon daji. Maganin da aka gwada a majemun Kanpur na Indiya shi ne a ware ruwan jima tun bai gauraya da sauran ba, a kwantar da kuromiyam ɗin da magnisiya, a narkar da shi a sake jima da shi. Mai masana'anta ya rage sayen sinadari, rafi kuma ya huta.

Matattun na'urori

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce duniya ta zubar da tan miliyan 62 na kayan lantarki a 2022, kuma kashi 22.3 cikin ɗari kaɗai aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya dace. A Afirka bai kai kashi ɗaya ba. Ƙarafan da ke cikin wannan tuli an ƙiyasta su a kan dala biliyan 91. Wayar hannu ɗaya tana da kusan miligiram 30 na zinari, kuma tan ɗaya na koren allon da ke cikin na'ura ya fi tan ɗaya na dutsen ma'adini zinari nesa ba kusa ba. Lambobin yabo na gasar Olamfik ta Tokyo da irin wannan ƙarfe aka ƙera su, daga kayan da jama'a suka bayar, ciki har da wayoyi fiye da miliyan 6.

Najeriya ta san ɗacin sharar waje tun 1988, lokacin da aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko. Wannan abin kunya yana cikin abubuwan da suka gaggauta yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991 kan safarar shara mai guba tsakanin ƙasashe. Duk da haka, binciken da aka yi a tashoshin jiragen ruwan Legas a 2015 da 2016 ya gano kusan tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki suna shigowa a shekara, aƙalla tan 15,000 daga ciki matattu, yawancinsu cushe a cikin motocin gwanjo daga Turai.

Wajen tattarawa kuwa babu hukumar da ta kama ƙafar 'yan gwangwan. Yaro mai kura ko buhu da maganaɗisu yana shiga lungun da motar shara ba ta taɓa shiga ba, ya biya kuɗi hannu da hannu. Masu gyaran waya suna cire abin da ke da sauran rai, maƙera suna narkar da sanholo su zuba tukwane. Matsalar tana mataki na gaba. Don a fitar da jan ƙarfe daga wayar wuta, sai a tara ta a kan tsohuwar taya ko soson firji a kunna, mutum ya tsaya da sanda yana juyawa cikin baƙin hayaƙi. Robar da ke jikin wayar tana fitar da dayoksin, gubar da ke taruwa a ƙasa da ƙwan kaji da nonon uwa. Allon na'ura kuma, wanda shi ne mafi daraja, ana sayar da shi da kilo ya tafi ƙetare, inda matatu irin ta Umicore a Hoboken ta ƙasar Beljiyam ke ciro ƙarafa 17 daga cikinsa. Gina irin wannan matata a kowace ƙasa ba zai yiwu ba. Abin da zai yiwu shi ne a kwance na'ura da hannu cikin tsafta, a rarrabe, a sayar da allon a farashinsa na gaskiya.

Filin 'yan gwangwan na Agbogbloshie a birnin Accra ya nuna abin da ke aiki da wanda ba ya aiki. Yawancin masu sana'ar a wurin 'yan ci-rani ne daga arewacin Ghana. A 2014 an kawo musu injinan fere waya, amma injinan ba su iya da siraran wayoyi ba, waɗanda su ne aka fi ƙonawa. A 2018 aka gwada sayen wayar ɗanya a farashin da ya ɗara abin da mai ƙonawa zai samu, sai ga ta tana zuwa da kanta. A watan Yulin 2021 hukumomi suka rushe wurin, sana'ar ta watsu cikin unguwanni inda sa ido ya fi wuya. A Najeriya dokokin hukumar NESREA sun ɗora wa masu ƙera kaya da masu shigo da su nauyin abin da kayan za su zama bayan sun mutu, kuma kuɗin da za a tara ta wannan hanya shi ne ya dace ya cike gibin da ke tsakanin farashin wayar ɗanya da ƙonanniya.

Wanda ya fi gaggawa a Arewa shi ne batir. Sola ta shiga gidaje da shaguna da masallatai, kuma batirin dalma da yawancin mutane ke saye yakan mutu cikin shekara biyu zuwa uku a wannan zafi. Fiye da rabin nauyinsa dalma ce, shi ya sa ba a taɓa ganinsa a juji: dillali yana saye, a fasa shi da gatari, a tuttular da ruwan a ƙasa, a narkar da sauran. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008 saboda ƙurar dalmar batir da iyayensu ke tankaɗewa a cikin gida. Zamfara ta ga irin wannan a 2010, lokacin da dalmar da ke cikin dutsen zinari ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, inda ake niƙa dutsen a tsakar gida. Tun da dillalan batir sun riga sun iya tattarawa, aikin da ya rage wa hukuma shi ne ta hana fasa shi a unguwa, ta tabbatar ya isa matata mai lasisi da ruwansa a ciki, ta kuma riƙa auna jinin ma'aikatan matatar da na yaran da ke zaune kusa da ita.